Rawar Mazarin Duniya: Rajistar Aikin Awo a Sakkwato

12 ga Oktoba, 2024

Yau aka kwance katakan da aka zuba kankaren ginshiƙinmu a ciki, saboda haka daga yau nake fara rubuta yadda aikin yake tafiya. Mu uku ne a kansa: ni da nake koyar da kimiyya a makarantar sakandare, da abokina mai aikin safiyo, da wani tsohon ɗalibina wanda ya fi mu duka sabawa da kwamfuta. Ginshiƙin ya kai ƙirji, kuma an tona masa rami mai zurfin mita ɗaya a filin gidan kawuna da ke gefen arewa na gari, inda fitilun birni suke bayanmu idan mun fuskanci arewa. Da maginin ya ga yawan sumuntin da muka sa ya binne a ƙasa, sai ya dakata ya ce, "Malam, mi za a aza bisa wanga abu, tanki na?" Na gaya masa cewa kyamara ce wadda ba ta kai tubali ɗaya nauyi ba, amma muna so ta kwana ba ta motsa ko da kaurin gashi ba.

Duniya tana kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4 idan da taurari aka auna, kuma tana juyawa ne a kan wani layi da ido ba ya gani, wanda ya ratsa ta daga ƙarshenta na arewa zuwa na kudu. A wannan rajista zan riƙa kiran layin mazarin duniya, kansa na arewa kuma kuɗubi, kamar yadda malaman falaki suke kiransa. Na ɗauko sunan mazari daga kakata, wadda ta yi kaɗi har ƙarshen rayuwarta. Ina yaro nakan zauna kusa da ita ina kallon yadda take shafa alli a yatsu ta murza mazari, ya miƙe cak kamar ba ya motsi saboda tsananin gudu, sa'an nan da gudun ya fara sassautawa sai kansa ya shiga zana da'ira a iska yana karkarwa. Mazarin duniya ma yana da tasa rawar, sai dai iri biyu ce, kuma rarrabe su shi ne tushen aikin nan gaba ɗaya.

A iri na farko, mazarin ne da kansa yake sauya inda yake nunawa a cikin taurari. Jan da rana da wata suke yi wa kumburin da duniya take da shi a ƙugunta yana sa kuɗubi ya kewaya wata babbar da'ira a sama cikin kimanin shekara 26,000, kuma a kan wannan kewaye akwai ƙaramar gyaɗa kai da take maimaituwa duk shekara 18.6. A iri na biyu kuwa jikin duniya ne yake zamewa a kan mazarin, ta yadda wurin da mazarin ya huda ƙanƙarar arewa yau ba shi ne wurin da zai huda bayan wata shida ba, ko da yake tazarar ba ta wuce 'yan mitoci ba. Na farkon muna sa ran auna shi da hannunmu a wannan fili. Na biyun ya fi ƙarfin kayan aikinmu nesa ba kusa ba, don haka za mu bi shi ta alƙaluman da tashoshin awo na duniya suke fitarwa kullum. Na rubuta wannan tun a shafin farko domin kada wani ya karanta sakamakonmu nan gaba ya zaci mun ga abin da kyamararmu ba za ta iya gani ba.

Ma'auninmu na kusurwa ne: digiri ɗaya minti 60, minti ɗaya sakan 60, kuma sakan ɗaya a doron ƙasa yana daidai da kimanin mita 31.

2 ga Nuwamba, 2024

Daren jiya muka yi awon farko, babu wata, babu gajimare, iska kuma ta wanku bayan damina. Tauraron Arewa, wanda Larabawa suke kira Jadyu, yana tsaye ne digiri 13 kawai a saman ƙasa daga Sakkwato, wato dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari idan aka miƙe hannu, domin tsayin kuɗubi a kowane gari daidai yake da nisan garin daga layin ikwaita. Sai da muka sare reshe ɗaya na dogon yaron da ke bakin katanga kafin ya fito sarai.

Muka ɗaure kyamarar mai gilashin milimita 300 a kan ginshiƙi, muka saita ta tana ɗaukar hoto duk minti biyu, tun daga bayan sallar lisha har gab da asuba. Da aka ɗora hotunan a kan juna, kowane tauraro ya bar baka, domin sama tana juyawa digiri 15 a awa, kuma duk bakunan suna kewaye da wani ɗigo guda wanda babu tauraro mai haske a kansa. Wannan ɗigon shi ne kuɗubi. Ɗalibin ya yi shiru na ɗan lokaci da ya ga Jadyu ma ya zana tasa ƙaramar baka, don tun yana firamare aka koya masa cewa wannan tauraro ba ya motsi. Tazararsa da kuɗubi a yanzu kimanin minti 38 ce, wadda za ta ɗauke cikakken wata har da saura.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a garin nan. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama da na'urarsa ta auna tsayin rana, kuma ya rubuta cewa Sarkin ya san buruji duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. A wancan lokaci Jadyu yana nesa da kuɗubi da fiye da digiri ɗaya da rabi. Ke nan tauraron da Sarki Bello ya gani yana zana da'irar da ta ninka tamu fiye da sau biyu, kuma wannan bambanci shi ne abin da muka fito aunawa.

19 ga Nuwamba, 2024

Mun tara dare bakwai, kuma matsaloli biyu sun bayyana. Ta farko ita ce bakunan ba su fito da'ira sosai ba, sun ɗan baje kamar ƙwai. Dalilin shi ne iska tana lanƙwasa hasken tauraro ta ɗaga shi sama da inda yake, kuma a tsayin digiri 13 ɗagawar ta kai kimanin minti 4. Tauraron da ke ƙasa da kuɗubi ya fi wanda ke samansa ɗagawa, don haka da'irar take matsewa. Wannan yana da lissafin da aka daɗe da sani, sai dai yana bukatar zafi da matsin iskar daren, shi ya sa yanzu muke rubuta su kowace awa.

Ta biyun ta fi damuna. A hotunan awanni biyu na farkon kowane dare, ɗigon tsakiya yana gusawa a hankali zuwa gefe guda, sa'an nan ya tsaya. Abokina mai safiyo ne ya gano bakin zaren, da ya ɗora tafinsa a kan farantin ƙarfen da kyamarar ke zaune a kai da misalin ƙarfe tara na dare ya ji shi da ɗumi har yanzu. Rana tana dukan gefen yamma na ginshiƙin tun daga azahar, ƙarfe da kankare su buɗe, da dare kuma su tsuke, kyamarar ta karkata tare da su. Karkatar ba ta wuce sakan 20 ba, amma wannan ya ninka tangaɗin duniya a kan mazarinta, wato rawa iri ta biyu, wajen sau ɗari. Mun kewaye ginshiƙin da zana mai ninki biyu, mun lulluɓe kansa da buhunan algarara da rana, kuma mun yanke shawarar zubar da duk hoton da aka ɗauka kafin ƙarfe goma sha ɗaya.

16 ga Disamba, 2024

Hazo ya sauka. Taurarin da ke tsakar ka ana ganinsu dishi-dishi, amma a digiri 13 hasken sai ya ratsa ƙurar da ta ninka ta sama sau huɗu, kuma Jadyu ya ɓace mana kwana goma ke nan. Mun koma ɗaki, ga ɓangare na biyu na aikin.

Tarihin wannan ɓangare ya cancanci a tsaya a kansa. A 1765 masanin lissafi Euler ya nuna cewa idan duniya tauri ce kamar dutse, kuma mazarin juyawarta bai daidaita sosai da mazarin siffarta ba, to za ta riƙa tangaɗi duk kwana 305. Aka shafe fiye da ƙarni ana neman tangaɗi mai wata goma ba a same shi ba. A 1888 masanin falaki Küstner ya ba da rahoton cewa nisan birnin Balin na Jamus daga ikwaita yana ɗan sauyawa, kuma domin a tabbatar ba laifin na'ura ba ne, aka tura masu awo Honolulu, wanda yake kusan kishiyar Balin a ɗaya gefen duniya, a 1891 zuwa 1892. Aka tarar duk lokacin da Balin ta matsa arewa, Honolulu tana matsawa kudu da daidai wannan gwargwado, abin da ba zai yiwu ba sai idan duniyar ce gaba ɗaya take karkata. A 1891 ɗin ne Chandler, wani Ba'amurke da ya daɗe yana aikin lissafi a kamfanin inshora, ya tattara tsofaffin awo ya bar su suka faɗi tsawon zangonsu da kansu, maimakon ya tilasta musu kwana 305, sai ya sami kimanin wata goma sha huɗu. Masanin falaki Newcomb ya bayyana dalilin: duniya ba dutse ba ce, jikinta yana ɗan lanƙwasa, teku kuma yana bin motsin, shi ya sa zangon ya tsawaita zuwa kwana 433 ko kusa da haka. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne cewa alƙaluman suna hannun mutane tun da daɗewa, tambayar da ake yi musu ce ta hana a ji amsarsu.

A yau hukumar ƙasa da ƙasa mai lura da juyawar duniya, IERS, wadda ta fara aiki a 1988, ita take tattara awon. Ana yin sa da manyan faifan rediyo da ke nahiyoyi daban-daban suna sauraron maɓuɓɓugan igiyar rediyo masu nisan da ba a ganin motsinsu, da hasken lesa da ake harba wa tauraron ɗan Adam LAGEOS wanda aka harba a 1976, da kuma tashoshin GPS. A Afirka tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu tana cikin masu wannan aiki. Kuskuren awon a yanzu bai wuce 'yan milimita ba. Ɗalibin ya sauke jerin da ɗakin duban taurari na Faris yake ajiyewa, wanda ya fara daga 1962, layi ɗaya ga kowace rana, fiye da layi 22,000. A kowane layi lamba biyu ne suka shafe mu: ɗaya tana nuna gusawar kuɗubi ta fuskar layin Girinwic, wanda daga gare shi ake ƙirga gabas da yamma, ɗayar kuma ta fuskar digiri 90 yamma.

9 ga Janairu, 2025

Mun zana lambobin biyu a kan takarda ɗaya, sai ga siffa kamar faifan da ake saƙawa daga tsakiya, zobe a cikin zobe. Kuɗubi yana kewayawa ta fuskar da duniya take juyawa, zoben yana faɗaɗa na wasu shekaru har faɗinsa ya wuce mita 15 a shekarun da ya cika, sa'an nan ya tsuke ya koma ƙarami, ya sake buɗewa. Na buga takardar na manna a bangon ɗakin, na bi zoben shekarun 1990 da alƙalami wata bayan wata, domin ina so hannuna ya san tafiyar kafin kwamfuta ta rarraba mini ita.

Buɗewa da tsukewar suna fitowa ne daga motsi biyu da suke tafiya tare. Akwai na shekara, mai kwana 365, wanda sauyin iska da ruwa da ƙanƙara tsakanin yanayi suke haddasawa, musamman iskar da take taruwa a kan Asiya lokacin sanyi. Akwai kuma tangaɗin Chandler mai kwana 433. Kamar makaɗa biyu ne da kiɗansu ya ɗan bambanta da sauri: wani lokaci dukansu ya faɗa tare, wani lokaci ɗaya ya cike gurbin ɗaya, kuma suna sake haɗuwa duk shekara shida da 'yan watanni. Da muka raba su, na shekarar ya fito kusan daidai kowace shekara, kimanin mita 3 daga tsakiya. Na Chandler kuwa ba ya zama ɗaya. A mafi yawan jerin yana tsakanin mita 3 da 6, amma daga wajen 2015 ya ragu ƙwarai, har zoben 'yan shekarun nan ya zama kusan na shekara kaɗai. Irin wannan raguwa ta taɓa faruwa a shekarun 1920.

Da an bar wannan tangaɗi shi kaɗai da ya mutu cikin shekaru gommai, kamar yadda lilo yake tsayawa idan an daina turawa. Richard Gross na hukumar NASA ya nuna a shekarar 2000 cewa a tsakanin 1985 da 1996 kashi biyu cikin uku na turin sun fito ne daga sauyin nauyin ruwa a kan ƙasan teku, sauran kuma daga matsin iska.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Sakkwato tana digiri 5 ne kawai gabas da layin Girinwic, saboda haka lamba ta farko a jerin ita ce kusan dukan sauyin da nisan garinmu daga ikwaita yake yi idan da taurari aka auna. Filin kawuna yana kai da komo arewa da kudu da 'yan mitoci duk shekara, tare da katangarsa da dogon yaronsa da ginshiƙinmu.

3 ga Fabrairu, 2025

Hazo bai ɗaga ba. Na buɗe zanar na duba ginshiƙin, babu tsaga, ma'aunin ruwa kuma ya nuna yana nan daidai. Ƙura ta shiga gilashin kyamarar duk da ledar da aka naɗe shi da ita, an goge.

10 ga Maris, 2025

Bayan sallar asham limamin unguwarmu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, na ji an ce kuna auna yadda arewa take gusawa. To, alƙiblarmu fa?" Tambaya ce mai nauyi, kuma na ji daɗin da ya yi ta a gaban jama'a. Na ce, "Allah gafarta Malam, alƙibla tana nan inda take. Ka'aba da masallacinmu a kan jiki ɗaya suke, idan jikin ya zame a kan mazari tare suke zamewa, kamar gida biyu a kan tabarma ɗaya da aka ja." Daga Sakkwato alƙibla tana kimanin digiri 71 daga arewa zuwa gabas, kuma abin da tangaɗin yake taɓawa shi ne ita arewar da ake fara ƙirge daga gare ta, da gwargwadon da bai kai sakan ɗaya ba, alhali sahun salla ma yana iya karkacewa da digiri guda ba wanda ya lura.

Inda maganar take da amfani ga malamai shi ne wurin kafa alama da Jadyu. Shekara dubu da suka wuce yana nesa da kuɗubi da kimanin digiri 6, don haka mai neman arewa da shi a wancan zamani sai ya kula da lokacin dare. Zai ci gaba da matsowa har wajen shekarar 2100, lokacin da tazarar za ta sauka ƙasa da rabin digiri, daga nan ya fara nisa. Wani dattijo ya kawo maganar kamfas, na bayyana masa cewa arewar da allurar kamfas take nunawa ta maganaɗisu ce, wadda take tafiyar kilomitoci gommai a shekara kuma ba ita muke aunawa ba. Liman ya nemi a kira shi ranar da sama ta buɗe.

6 ga Afrilu, 2025

Shekara shida suna ɗauke da zagaye shida na motsin shekara da kusan zagaye biyar cif na Chandler, don haka idan aka ɗauki matsakaicin kowace shekara shida, zoben yana shafewa ya bar tsakiyarsa kawai. Da muka yi haka sai tsakiyar ta fito tana tafiya. A tsawon ƙarni na 20 ta gusa da kimanin santimita 10 a shekara ta fuskar Tekun Hudson a Kanada, jimilla wajen mita 10 daga inda take a farkon ƙarnin. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ƙanƙara mai kaurin kilomitoci da ta danne arewacin Amurka ta narke shekaru dubbai da suka wuce, kuma ƙasar wurin har yau tana ɗagowa, kamar katifar da aka tashi daga kanta.

A wajen shekarar 2000 layin ya yi kwana a takardarmu, ya karkata gabas. Adhikari da Ivins na NASA sun nuna a 2016, da taimakon taurarin ɗan Adam na GRACE da aka harba a 2002 domin auna nauyin ruwa da ƙanƙara daga sama, cewa kuɗubi ya koma tafiyar kimanin santimita 17 a shekara ta fuskar layin Girinwic, saboda narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antatika da kuma raguwar ruwa a yankin Indiya da Tekun Kasfiya. Layin Girinwic kuwa shi ne gefenmu na duniya.

Na daɗe a kan binciken da Ki-Weon Seo na Jami'ar Ƙasa ta Seoul da abokan aikinsa suka fitar a 2023. Sun ƙiyasta cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutane suka zuƙo tsakanin 1993 da 2010 ya kai tan biliyan 2,150, wanda ƙarshensa teku, kuma wannan kaɗai ya gusar da kuɗubi da kusan santimita 80. Domin in fahimci adadin sai na kwatanta shi da madatsar Goronyo, wadda ko ta cika fal ba ta kai tan biliyan ɗaya ba: an kwashe fiye da Goronyo dubu biyu daga ƙarƙashin ƙasa cikin shekara goma sha bakwai. Mafi yawan tasirin daga yammacin Amurka ta Arewa da arewa maso yammacin Indiya ya fito, domin nauyin da aka ɗauke a wajen digiri 45 shi ya fi karkatar da mazari, wanda aka ɗauke a kan ikwaita ko a kan kuɗubi kuwa ba ya karkatar da shi. A digiri 13 inda muke, tasirin kowane tan bai kai rabin na can ba, yawan da muke ɗiba kuma ƙanƙani ne a kan nasu. Duk da haka, tun da na karanta wannan, idan na bi ta fadama na ji injinan ban ruwa suna ruri a gonakin albasa, ko na ga ana haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a unguwa, nakan tuna cewa ruwan nan yana da nauyi, kuma akwai ma'aunin da yake jin an ɗauke shi daga wurinsa.

2 ga Mayu, 2025

Mun sami dare huɗu masu kyau a ƙarshen Afrilu, cikin zafin da ko tsakar dare kankaren bai gama hucewa ba. Liman ya zo dare na biyu ya zauna har ƙarfe ɗaya yana kallon Jadyu a fuskar kwamfuta.

Hanyar da muka bi ita ce: kundin taurari na zamani yana ba da matsayin kowane tauraro bisa inda kuɗubi yake a farkon shekarar 2000. Muka gane taurarin da ke cikin hotunanmu, muka sa alama a inda kuɗubin 2000 ya faɗa a tsakaninsu, sa'an nan muka auna tazararsa da ɗigon da taurarin suke kewayawa a darenmu. Lissafi ya ce kuɗubi yana tafiyar sakan 20 a shekara a cikin taurari, wato kimanin minti 8 da rabi cikin shekara 25. Dukan dare goma sha ɗaya sun ba mu tazarar da ta kama daga minti 8 zuwa 9, kuma ta fuskar da ake tsammani. Ba zan ɓoye cewa hannuna ya yi rawa lokacin da nake rubuta lambar ba.

Sai dai awon Nuwamba ya taru a wuri ɗaya, na Afrilu ya taru a wani, da tazarar kusan sakan 40 a tsakaninsu, alhali rabin shekara bai kamata ya ba da fiye da sakan 10 ba. Ɗalibin ya ɗora laifin a kan ginshiƙi, ni ma da farko na bi shi. Bayan kwana biyu muka gane cewa abin da masanin falaki James Bradley ya bayyana a 1729 muka taka: duniya tana gudun kilomita 30 a sakan tana kewaya rana, don haka hasken tauraro yana zuwa mana a ɗan karkace, kamar yadda mai gudu a kan babur yake jin ruwan sama yana dukan fuskarsa ko da a miƙe yake sauka. Karkatar tana kaiwa sakan 20, kuma bayan wata shida ta koma ɗaya gefen. Da muka cire ta, rukunin biyu suka matso juna, warwatsuwar ta sauka zuwa kimanin sakan 15. Bradley ɗin ne kuma ya sanar da gyaɗa kan mazari a 1748 bayan ya bi taurari kusan shekara ashirin, amma girmanta sakan 9 ne, wanda har yanzu yana ƙarƙashin kuskurenmu.

Kewayen nan na shekara 26,000 Hipparchus na Girka ya fara lura da shi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Masanin falaki Batlamus ya ƙiyasta digiri ɗaya daga cikin 360 na kewayen a shekara 100, Al-Battani a Raƙƙa ta Siriya ya gyara zuwa shekara 66, awon yau kuma ya tsaya a kusan shekara 72.

21 ga Yuni, 2025

Damina ta kankama, mun cire kyamara mun rufe kan ginshiƙin da kwano, muka ɗaure da waya. Ba za mu taɓa kusoshin da ke cikin kankaren ba, domin a Oktoba kyamarar ta koma daidai inda ta zauna.

Sakamakon Mayu ya dogara da kundin taurarin da wasu suka auna. Abin da nake so shi ne mu ga tafiyar kuɗubi daga hotunanmu kaɗai, ta hanyar kwatanta Nuwamba da Nuwamba, yadda karkatar haske za ta soke kanta. Shekara ɗaya za ta ba da sakan 20, wanda ya yi kusa da kuskurenmu, shekara biyar kuma sakan 100, wanda babu gardama a kansa. Tashoshi shida da aka kafa a 1899 a kan layi ɗaya na digiri 39 da minti 8, daga Mizusawa a Japan zuwa Carloforte a Italiya har Ukiah a Amurka, haka suka yi aiki, taurari iri ɗaya dare bayan dare, kuma ta Ukiah ba ta rufe ba sai 1982. Kawu ya amince ginshiƙin ya zauna.

Kafin Oktoba akwai aiki uku a gabanmu. Ɗalibin zai rubuta shirin da zai riƙa sauke sababbin alƙaluman Faris duk wata yana ƙara su a kan zanen bango. Abokina zai nemo ma'aunin karkata mai lantarki da za mu manna a jikin ginshiƙin, domin mu san motsinsa awa bayan awa maimakon mu zubar da rabin dare. Ni kuma zan rubuta wa Cibiyar Nazarin Siffa da Motsin Ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi, in nemi izinin kai ɗalibaina su ga tashar GPS ta dindindin da idonsu a hutun ƙarshen zango.